Koci Abbo Zai Tafi Abuja

Duk unguwar Sintali babu wanda bai san Abbo mai faci ya taɓa zama a Legas ba, domin shi da kansa ba ya barin kowa ya manta. In ka kai masa tayar keke, kafin ya gama liƙe ta ka ji labarin gadar da ke kan ruwa, ka ji na gidan wani Bature ɗan Amurka inda ya yi gadi wata takwas. Shekara goma sha biyar ke nan da dawowarsa, amma wata takwas ɗin nan har yau ba su ƙare ba.

A gidan Baturen ne ya ga ƙwallon Amurka. Ta taga ya gan ta, daga bencinsa na bakin get, talabijin na can ƙuryar falo, gilashi a rufe, ko tari aka yi a ciki ba ya ji. Abin da idonsa ya kama shi ne wasu ƙarti da hular kwano, kafaɗunsu kamar an cusa filo, suna karo da juna suna zubewa ƙasa. Wannan ya ishi Abbo ilimi. Ya dawo Jalingo yana cewa kaf Taraba babu wanda ya san wasan nan sai shi, da yake kuma babu wanda abin ya dama, aka bar shi da sarautarsa.

Ana nan sai ga Malama Vivian, mai koyar da motsa jiki a wata sakandare. Ta je kwas ta dawo da ƙwallaye masu tsini kai da gindi, da kuma labarin da ya tayar da hankalin samari. Za a haɗa wasa tsakanin Sintali da Nukkai, ƙungiyar da ta ci za a ɗauke ta a bas, ita da kocinta, zuwa gasa a Abuja. Mutanen Nukkai suka tsayar da Tobias, wani tela mai shiru-shiru. Mutanen Sintali ba su samu damar tsayar da kowa ba, don Abbo ya riga ya tsayar da kansa.

Malama Vivian ta tara su a gindin mangwaron makaranta, ta miƙa wa kowane koci ɗan littafin dokoki.

"Hamma Abbo, ka saurara da kyau," in ji ta. "Wanda za mu buga ba na karo ba ne. Kowa zai ɗaura ƙyalle biyu a ƙugu. In aka fizge ƙyallen mai ƙwallo, an tsayar da shi ke nan. Ba duka, ba kokawa."

Abbo ya yi dariya har da buga cinya. "Malama, kwas ɗin nan naki kwana nawa ne?"

"Sati biyu."

"To ni wata takwas na yi ina kallon abin nan a gidan masu shi. Ba wa Tobias littafin, shi ne ɗan koyo."

Tobias ya karɓi littafi biyu, ya ce ya gode, ya sa a aljihu.

Malama ta daure ta ci gaba. Ta zana fili a ƙasa, ta nuna musu cewa kowace ƙungiya tana da gidanta a ƙarshen fili, wanda ya shiga gidan abokan karawa da ƙwallo ya ci maki shida. Ta ce akwai ɗan wasan da ke tsayawa can baya, in an wuce kowa shi ne na ƙarshe, ana kiransa sefti.

"Maigadi ke nan," in ji Abbo. "Wannan aikin ai da shi aka yaye ni." Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce kwastoma na jiransa. Malama tana cewa saura wata doka guda mai muhimmanci, shi kuwa har ya kai bakin titi.

Kafin magariba Sintali A da Sintali B duk sun ji cewa Koci Abbo zai tafi Abuja ranar Alhamis ɗin da ke bayan wasa. Bai ce in sun ci ba, cewa ya yi zai tafi. A unguwar nan kuwa mutum ba ya tafiya Abuja hannu na dukan cinya, domin babu gidan da ba shi da ɗa ko 'ya a can. Washegari da safe Goggo Kadijatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta shigo da bokitin man shanu an ɗaure bakinsa da tsumma.

"Ɓingel am, ɗana, ka kai wa 'yata Rauda a Nyanya. Useni, don Allah kar ka bari rana ta taɓa shi."

"Goggo, a kan cinyata zai zauna har Abuja."

Bayanta sai Baba Manasseh, dillalin doya, wanda tun Abbo na yaro suke musu da shi. Ya sauke doya goma sha biyu a zaure, manya-manya, ya tsaya yana share gumi.

"Na yarona ne a Karu. Na kira shi a waya, ya ce zai jira ka a tasha. Abbo, ka ji ni da kyau, wannan doya in ya fita gidana ba ya dawowa."

"Baba, ka taɓa jin na faɗi magana ba ta tabbata ba?"

"Kullum," in ji Baba Manasseh.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka kawo busasshen kifi a kwali, aka kawo zuma a galan, aka kawo garin rogo da daddawa da ƙulli-ƙulli. Wata mata ta kawo zakara da ransa, ta ce surukinta ba ya cin kajin Abuja. Abbo yana karɓa yana rubuta sunaye a jikin kaya da alli, kansa na ƙara girma. Ya sa aka ɗinka masa kwat mai ruwan toka, ya rataye ta inda duk mai shigowa zai gani.

Matarsa Fanta ta tsaya a bakin zaure, inda yanzu sai an karkace ake wucewa.

"Baban Hamna, an buga wasan ne ban ji ba?"

"Saura sati uku."

"To wa ya ce kun ci?"

"Ni na ce."

"Ai kuwa shi ya sa gabana ke faɗuwa," in ji Fanta, ta koma ciki.

Ranar tirenin na farko samari goma suka hallara a bayan rumfar facinsa. A cikinsu akwai Job, direban keke mai ƙafa uku, mai dogon hannu, wanda in ya jefi mangwaro ba ya kuskure. Job ya miƙa masa ƙwallon da Malama ta ba su. Abbo ya matsa ta da babban yatsa kamar yadda yake matsa taya, ya girgiza kai.

"Kun gani ko? Iska ba ta ishe ta ba, shi ya sa ta motse haka."

"Koci, Malama ta ce haka ake yin ta."

"Job, tsakanin ni da Malama wa ya san iska?"

Ya ta da injinsa, ya soka mata bakin tiyo. Ƙwallon ta fara kumbura, ɗinkinta na ƙara, samari na ja da baya, Abbo na cewa saura kaɗan ta yi daidai. Sai ta tashi da wata ƙara wadda ta sa kajin unguwa hawa katanga, mai shayi ya kifar da butarsa, wasu suka fito da gudu suna tambaya ko taransifoma ce. Abbo ya tsaya da tiyo a hannu da guntun fata a kan hularsa, ya ce daman ƙwallon jabu ce, ya san da haka tun da ya taɓa ta.

Tirenin ba ya yiwuwa babu ƙwallo. Abbo ya duba hagu ya duba dama, ya shiga zaure ya fito da ɗaya daga cikin doyar Baba Manasseh. Ya ce tsayinta da tsininta duk ɗaya ne da ta Amurka, aro kawai za su yi. Ya ja da baya taku ashirin, ya buɗe hannuwa, ya ce wa Job ya jefo da ƙarfinsa, zai nuna musu yadda ake cafewa.

Job ya jefa. Doyar ta wuce tsakanin hannuwan Abbo ba tare da ta gaishe su ba, ta sauka a goshinsa, ta rabe biyu. Koci ya zauna a ƙasa ba da niyya ba. Daidai lokacin Baba Manasseh ya ɓullo daga lungu, ya tsaya yana kallon gutsattsarin.

"Abbo, wannan ba doyan Karu ba ne?"

"Baba, gwada ƙarfinta muke yi, ko za ta iya jure hanya."

"To ka gani. Shi bai jure ba, kai ma ba ka jure ba." Ya kwashi gutsattsarin ya miƙa wa Fanta. "Ki dafa masa, ko hankali zai shiga ta ciki tunda ta goshi ya ƙi."

Ƙulun da ya fito masa a goshi ya koya wa Abbo darasi, amma ba wanda ya kamata ba. Ya ce laifin rashin kayan aiki ne, a Amurka babu mai shiga fili tsirara. Ya bi gida-gida ya tattaro tsofaffin hulunan kwano na 'yan acaba, waɗanda tun da keke ya karɓe gari suke ajiye, wata ma kaza ta yi ƙwai a cikinta. Saura kafaɗu. Ranar da Fanta ta tafi suna a Mayo Gwoi, Abbo ya fito da katifarsu tsakar gida, ya auna ta da igiya, ya bi ta da wuƙa. Ta ba shi kafaɗa goma sha ɗaya cif.

Fanta ta dawo ta tarar da gado babu komai sai katako. Ba ta yi ihu ba, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

"Ina katifata?"

"Tana aikin unguwa, Fanta. In na dawo daga Abuja..."

"Ta aurena ce fa."

"Ai shi ya sa take da inganci. Soson yanzu ba zai tare karo ba."

Ta yi masa wankin babban bargo da Hausa, da ta ga Hausa ta gaza sai ta koma Fulatanci, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna gyaɗa kai. Daga ranar ita ta koma ɗakin 'yarsu, shi kuma ya koma tabarma a zaure, tsakanin doya da kifi, zakara na tashinsa tun kafin ladan.

Duk da haka bai saduda ba. Ya ce yanzu sai koyon karo, kuma mutum ba ya koyon karo da ɗan'uwansa, da gwani ake koyo. Gwanin kuwa shi ne ragon Goggo Kadijatu, wani fari mai murɗaɗɗen ƙaho da ko yaran gidan ba sa kusanta. Samari suka ce su dai kallo za su yi. Abbo ya ɗaura soso, ya kifa hular kwano, ya tuna wa jama'a cewa kakansa makiyayi ne, dabba ta san jininsu. Ya durƙusa ya kafa hannu ɗaya a ƙasa kamar yadda ya gani ta taga, ya ce a kwance igiya.

Ragon bai yi gaggawa ba. Ya dube shi, ya ja da baya, ya zagaya ta inda babu soso. Abbo ya tashi sama kaɗan, ya sauka cikin kwatamin wanke-wanke. Ragon ya sake ja da baya don ƙari, sai ga Koci ya ranta a na kare, soso na rawa a kafaɗa, hular kwano ta juya ta rufe masa ido, ya shige rumfar mai shayi ta inda babu ƙofa.

"Kay, Abbo!" in ji Goggo, tana riƙe ciki don dariya. "Rago ne ya ci, shi za a kai Abuja?"

"Na bar shi ne, Goggo. Da na sa ƙarfi, da ba ki da na layya."

Job dai ya ga in aka biye wa Koci za a kai ranar wasa babu mai sauran haƙori. Kullum bayan la'asar sai ya kwashi samarin a kekensa, sawu biyu, ya kai su wajen Malama Vivian, ta ara musu ƙwallo ta koya musu wasan yadda yake. Da safe kuma su zo su sa soso su yi wa Abbo tsalle-tsalle don ya ji daɗi. Abbo yana ganin yadda suke gogewa yana cewa ga aikin koci na gaske.

Ranar Asabar filin da ke kusa da Mayo Gwoi ya cika maƙil. Masu rake da masu fura sun kafa kasuwa, mata sun jeru da lema, duk wanda ke da saƙo a zauren Abbo ya zo ganin yadda saƙonsa zai samu mota. 'Yan Nukkai suka shigo da riga da gajeren wando, ƙyalle na lilo a ƙugu. Sai ga 'yan Sintali a jere, hula kala-kala, kafaɗu sun kai kunne, ana ganin furannin katifar Fanta ta wuyan riga. Fili ya kece da dariya, Abbo na gaba yana ɗaga hannu, don shi a wajensa tafi ne.

Malama Vivian, wadda ita ce alƙalin wasa, ta busa usur. "Duk a cire. Yanzu-yanzu."

Samarin ba su jira ta maimaita ba, suka zubar da soso kamar an sauke musu kayan itace. Abbo ya ce shi koci ne, a gefe yake, babu dokar da ta hana shi. Ya ɗora sabuwar kwat ɗinsa a kan soso, ya tsaya cikin rana yana gumi yana ihu.

"Ku kayar da shi! Karo! Job, wannan wane irin ladabi ne, ka take shi mana!"

Wani yaron ya ji maganarsa ya rungume ɗan Nukkai suka faɗi tare, Malama ta mai da Sintali baya taku goma. Daga nan babu wanda ya ƙara waiwayarsa. Job ya riƙa jifa, abokansa na cafewa, sau biyu suka shiga gidan Nukkai, sau ɗaya kuma suka samu ƙarin maki ɗaya da ake nema bayan an shiga. Nukkai ma suka rama sau biyu, amma ba su samu ƙarin ba. Da aka zo ƙarshe, allon da ake rubuta maki da alli ya nuna Sintali sha uku, Nukkai sha biyu, saura abin da bai kai minti ɗaya ba, ƙwallo na hannun Nukkai. In suka jefa wannan ɗaya ba su ci ba, Sintali ta tafi Abuja.

Jama'a suka fara kiran sunan Job, wayoyi duk sun juya wajensa. Wannan ya soki Abbo a zuciya. Kusan sati uku yana kwana da zakara, a ce a hoton nasara babu fuskarsa? Ya ɗaga hannu ya ce canji. Ya fitar da Elvis, wanda ke tsaron baya tun farkon wasa ba tare da an wuce shi ba, ya ce shi zai shiga sefti da kansa.

"Koci, don Allah don Annabi," in ji Job. "Jifa ɗaya ya rage."

"Shi ya sa. Irin wannan lokacin ba na yara ba ne."

Malama ta sa ya cire hula da soso, amma kwat ya ce sai dai a cire da shi. Aka ɗaura masa ƙyalle a kanta, ya je can baya ya tsaya, hannu a ƙugu.

Ɗan Nukkai ya ja da baya ya saki ƙwallo sama, doguwa, tana juyi. Abbo ya ɗaga kai ya ga abu mai tsini ya nufo goshinsa, ya tuna doya. Ya runtse ido, ya ɗaga hannuwa don kare fuska, ya ce innalillahi. Ƙwallon ta bugi ƙirjinsa ta gangara cikin kwat, hannuwansa suka rufe a kanta don tsoro. Ya buɗe ido ya ga abin a hannunsa.

Fili ya fashe da ihu. Goggo Kadijatu ta rangaɗa guɗa. Har Fanta ta miƙe tsaye. Ba abin da ya rage wa Abbo sai ya tsaya inda yake, a zo a fizge ƙyallensa, lokaci ya ƙare, a hau mota.

"Tsaya nan, Koci!" Job na ihu. "Kar ka motsa!"

Amma Abbo ya hango samarin Nukkai biyar sun nufo shi a guje. A aikin gadi kuwa doka ɗaya ce, kuma ya san ta kamar sunansa. In ka ƙwace kayan maigida daga hannun ɓarawo, ba ka tsayawa a titi, ciki kake shiga da su ka rufe get. Ya juya ya ga gidan Sintali a bayansa, layin farar ƙasa na kiransa, bai fi taku ashirin ba. Ya rungume ƙwallo ya zuba da gudu, kwat na tashi a bayansa.

"Ba can ba! Abbo, ba can ba!" Sintali gaba ɗaya ke ihu. Shi kuwa sunansa kawai yake ji, ya ƙara mai. Job ya biyo shi yana roƙo, Abbo ya kauce masa da wata gwaninta da bai taɓa nunawa a tirenin ba. Ya tsallake layi, ya faɗa kan ƙwallo ya kwanta a kanta, ya ce, "An rufe get!"

Wani ɗan Nukkai ya iso yana haki, ya sunkuya, ya ce, "Sannu Baba," ya zare ƙyallen a hankali.

Malama Vivian ta busa usur mai tsawo, ta ɗaga hannuwanta sama da kai ta haɗe tafukan. Abbo ya ga haka ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ashe Malama ta san girman manya. Ya miƙe ya haɗe nasa tafukan a sama ya mayar mata da gaisuwa. Ya duba ɓangaren Nukkai ya ga su ma duk sun haɗe hannu a sama suna rawa. Ya fara zagaya fili a haka, yana rusuna musu, yana cewa ba komai, wasa ne, wata rana su ma za su iya. Ya kusa rabin fili kafin ya lura ɓangaren Sintali babu mai motsi, kuma mai allo ya goge sha biyun Nukkai ya rubuta sha huɗu.

"Malama, mai allon nan ya sha wani abu ne? Na kawo ta gida lafiya!"

"Matsalar ke nan, Hamma Abbo. Duk wanda ya koma da ƙwallo gidansu da ƙafarsa, aka kama shi a ciki, maki biyu na abokan karawa ne. Alamar da na yi ke nan. Ita ma dokar sefti ake kiranta, ita ce na so in gaya maka ka ce kwastoma na jira."

"A Amurka ba a..."

"Shafi na huɗu," in ji Tobias a hankali, ya sa hannu a aljihu. "Ina da guda biyu, ko in ba ka ɗaya?"

Job ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kafin Abbo ya samo abin faɗa masu saƙo sun kewaye shi.

"Man shanuna fa?" in ji Goggo. "Rauda ta riga ta gaya wa mijinta."

"Zan mayar wa kowa kayansa, gida-gida..."

"Ka mayar wa wa?" in ji Baba Manasseh. "Na gaya maka tun farko. Yarona ya ɗauki hutu a wajen aiki don ya tare ka."

"Zakaran ma an sa masa ranar yanka," in ji matar nan daga baya.

Aka yi ta caa a kansa, kowa na faɗin wanda ke jira a Abuja. Fanta ce ta raba gardama. Ta ratso taron, ta dubi mijinta daga kwat har takalmi.

"Mota dai za ta tafi ranar Alhamis, ko ba haka ba? To ga mai motar can. Je ka roƙe shi."

Haka Koci Abbo ya taka gaban jama'ar unguwa biyu ya je wajen ɗan koyo, ya rusuna. Tobias bai ja rai ba. Ya ce kujera kam babu, an ƙirga su daidai, amma saman mota na nan, in Abbo zai yi lodi da kansa ya ɗaure da kyau, su za su sauke wa masu jira a tasha.

Ranar Alhamis da hantsi aka ga Abbo ya turo amalanke tun daga Sintali, doya a ƙasa, kifi da zuma a tsakiya, zakara a sama yana cara duk inda suka ratsa. Kwat ɗin na jikinsa, don ya ce an ɗinka ta saboda ranar nan kuma sai ta ga ranar. Masu saƙo na biye da shi a baya don tabbatarwa. Ya hau saman bas ya jera kaya, Goggo na ƙasa tana cewa a kawar da man shanu daga rana, Baba Manasseh na cewa a hankali da doya, ba ƙwallo ba ne. Ya sauko riga sharkaf, 'yan Nukkai suka shige suna waƙa, direba ya ja mota.

Abbo ya tsaya yana kallon bas ɗin har ta hau babban titi, wutsiyar zakara na kaɗawa a sama. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Shekara goma sha biyar yana ba da labarin tafiya ɗaya, ya so ƙwarai ya samu ta biyu, ga ta can tana tafiya da doya a madadinsa. Ya gyara wuyan kwat.

Wani baƙo da ke jiran motar Yola ya matso, ya dubi kwat ɗin, ya dubi taron da ke bayansa.

"Ranka ya daɗe, kai ne shugabansu? Na ga mota ta tafi ta bar ka."

Abbo ya ja numfashi. Kafaɗunsa, waɗanda suka faɗi tun Asabar, suka fara tashi.

"Ka ga yaran nan da suka tafi? Ni na tura su. Makin da suka ci wasa da shi, da hannuna na ba su. Wallahi ba don ni ba, babu ɗayansu da zai ga Abuja."

Baƙon ya waiwayi mutanen Sintali don ya ji ko haka ne. Baba Manasseh ya daɗe yana neman inda zai musa, ya duba ta nan ya duba ta can, bai samu ba.

"Malam," ya ce, "shekara talatin ina jin maganar mutumin nan. Yau kam gaskiya ya faɗa."